Amsoshin Tambayoyinku: Wane ƙarfen liƙi ya dace da aikin gilashi mai launi?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku daga nan birnin Katsina. Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan abu guda suka zo, wato ƙarfen liƙi, ƙarfen nan da ake narkar da dalma da shi a liƙe abu, wanda masu gyaran rediyo ke kira sodarin ayan, da irin wanda ya kamata a saya don haɗa gilashi mai launi.

Kafin mu buɗe ta farko, ga ɗan bayani ga wanda bai san sana'ar ba. Hanya biyu ake haɗa gutsattsarin gilashin. Ta farko ita ce a zura su cikin sandunan dalma masu kwari a gefe biyu, sannan a liƙe mahaɗar sandunan. Ta biyu kuma a naɗe gefen kowane gilashi da siririn tef na jan ƙarfe, a jera su, a bi layin duka da narkakkiyar dalmar liƙi. Wannan ta biyun ta yi suna ne a shagon Louis Comfort Tiffany na Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, kuma da ita ake yin fitilun nan masu hula ta gilashi. Ku riƙe wannan bambanci, don amsoshin da yawa a kansa suka rataya.

Wasiƙar farko daga wani matashi ce mai gyaran waya a Kofar Kaura. Yana cewa yana da ƙarfe mai wat 40 da yake aiki da shi kullum, ya gwada shi a kan gilashi amma dalmar sai ta yi gudaji-gudaji, ta ƙi kwanciya. Shin dalmar ce ba ta da kyau?

A'a ƙanina, dalmarka lafiyarta lau, ƙarfen ne ya yi wa aikin kaɗan. A cikin waya ɗigon da kake narkarwa bai kai ƙwayar gero ba. A gilashi kuwa layi za ka ja mai tsawon kamu ɗaya ko biyu, kuma jan ƙarfen da ke ƙasa yana zuƙe zafi da sauri. Da ka ɗora wannan siririn baki mai tsini, zafinsa ya gudu, dalmar ta daskare kafin ka matsa gaba. Shi ya sa masu wannan sana'a suka fi amfani da ƙarfe mai wat 80 zuwa 100.

To amma kada ka tafi kasuwa da lambar wat kaɗai a kanka. Abin da ake nema shi ne ƙarfen da ke riƙe zafi, wanda idan dalma ta sha zafinsa zai mayar nan take. Dubi tandar masa: ta ƙasa mai kauri ko an zuba ƙullu mai sanyi ba ta hucewa, marar kauri kuwa sai ta ƙona na farko ta bar na biyu ɗanye. Dalmar liƙi ba ta buƙatar zafi mai tsanani. Wadda aka rubuta wa 60/40, wato kashi 60 kuza, kashi 40 dalma, tana fara narkewa a digiri 183 na ma'aunin Salshiyas, ta gama kafin 190. Mai 63/37 a 183 ɗin take narkewa gaba ɗaya, kuma nan da nan take daskarewa, don haka ake son ta wajen ado. Mai 50/50 sai ta haura 210 kafin ta zama ruwa sosai. Ka ga ko ƙarfenka na waya ya wuce wannan zafin nesa. Matsalarsa ba shi da ajiya.

Akwai ƙarafa biyu da suka yi suna a wannan aiki, kuma kowanne da dabararsa. Na kamfanin Weller mai wat 100 yana da nauyi, bakinsa kakkaura ne, kuma bakin ne ke tsayar da zafin da kansa: idan ya kai iyakarsa sai wani maganaɗisu a ciki ya saki makunni, wuta ta yanke, idan ya ɗan huce ta dawo. Za ka ji ɗan ƙas-ƙas lokacin da kake aiki, ba lalacewa ba ce. Hakko FX-601 kuma na kamfanin Japan ne, ba shi da nauyi, wat ɗinsa bai kai na Weller ba, amma abin ɗumamarsa na tangaran ne mai saurin mayar da zafi, kuma yana da majuyi a jikin mariƙin da za ka ƙara ko ka rage. Idan ni aka tambaya, mai yawan aikin tef ɗin jan ƙarfe, wanda zai wuni yana jan layi, Hakko ya fi masa sauƙi a wuyan hannu. Mai haɗa manyan tagogi da sandar dalma kuwa ba zai yi nadamar Weller ba.

Sai wasiƙar wata Hajiya daga Daura. Ta ce ɗanta da ke karatu a Amurka zai aiko mata da ƙarfe da sauran kaya, tana tambayar wanne za ta ce ya saya.

Ranki ya daɗe, kafin ma a yi maganar sunan kamfani, ki ce masa ya duba ƙarfin wutar da aka rubuta a jiki. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, tamu a Najeriya 230. Idan kika jona na can a soket ɗinmu kai tsaye, zai ja abin da ya haura ninki 3 da rabi na ƙarfin da aka yi shi dominsa, cikin ɗan lokaci ya ƙone. Ɗan adaftan da ke canza bakin fulogi ba ya rage wuta ko kaɗan, wannan kuskure ya cinye kayan mutane da yawa. Ko dai ya nemi wanda aka rubuta wa 220 zuwa 240, irin na kasuwar Ingila da Turai, kamar Weller W101, ko kuma ki tanadi taransifoma mai rage wuta, wadda 'yan kasuwa ke kira sitef-dawun, mai wat 200 ko sama. Ni dai na fi son na farkon. Taransifoma ƙarin kaya ce a kan tebur, kuma rana ɗaya wani yaro zai zare fulogin ya jona a bango.

Tunda kuma za a yi aike daga nesa, Hajiya, ki sa ya haɗo da bakuna biyu ko uku na canji. Bakin kowane kamfani nasa ne: na Hakko ɗin nan jerin T19 ne, na Weller jerin CT6, ba sa shiga na juna, kuma waɗanda suka cika shagunan 'yan waya ba za su hau ko ɗaya ba. Ƙarfe mai tsada da bakinsa ya mutu, babu na canji a kusa, ajiya kawai ya zama.

Wannan ya kawo mu ga tambayar wani malamin makarantar koyon sana'a daga unguwar Kofar Marusa: wane irin baki ne ya dace, kuma me ya sa nasa ke yin baƙi ya daina kama dalma?

Allah gafarta Malam, a nan zan ɗan daɗe. Bakin da ake so shi ne mai faɗi kamar kurfi, ba mai tsini ba, don faɗin ne ke miƙa zafi ga layin. Na yau da kullum mai milimita 6 ne, wato rubu'in inci. Mai milimita 10 ya fi ajiyar zafi, ya dace da manyan layuka da firam ɗin gefe. Mai milimita 3 na ado ne da lungunan ƙananan abubuwa, kada a sa shi aikin taga. Idan na Weller ne, Malam ya duba lambar da ke ƙarshen sunan bakin: 7 tana nufin digiri 700 a ma'aunin Faranhait, wajen 370 ke nan a Salshiyas, ita ce ta aikin kullum, 8 ta kai wajen 425, 6 kuma wajen 315. Me ya sa wannan lissafi ke da amfani? Saboda zallar dalma a digiri 327 take narkewa. Wato da baki mai lamba 7 ma, idan ɗalibi ya tsaya yana tunani a kan mahaɗar sandar dalma, sandar kanta za ta ɓule. A wannan aikin taɓawa ake yi a ɗaga. A aikin tef kuma, tsayawa wuri ɗaya shi ke tsaga gilashi ko ya narkar da gam ɗin tef ɗin ya ɗago.

Batun baƙi kuwa, bakin zamani cikinsa jan ƙarfe ne, an lulluɓe shi da siririn rufi na baƙin ƙarfe. Zafi da iska suna sa wannan rufi ya yi tsatsa, tsatsar kuma ba ta kama dalma, ba ta miƙa zafi. Abin da yara ke yi da sun ga haka shi ne su ɗauko magagari ko samfefa su goge. To a ranar bakin ya gama yawo, domin da rufin ya tafi dalma za ta riƙa cin jan ƙarfen har ya yi rami. Bakin da ake gogewa da magagari shi ne na zallar jan ƙarfe, irin na ƙarafa masu araha, shi ma cinyewa yake yi a hankali.

Ga abin da Malam zai koya musu. Ranar farko, tun ƙarfen yana ɗaukar zafi, a shafe bakin da dalma ya yi fari tas. Ana cikin aiki a riƙa share shi a jiƙaƙƙen soso, amma ba soson katifa ba, wannan narkewa zai yi ya manne. Idan babu soson da aka yi don aikin, tsumman auduga mai ɗan laima ya wadatar. Kada a tsoma bakin cikin ruwan sinadarin liƙi, wato ruwan da ke sa dalma ta kama, a jikin aikin ake shafa shi da burushi, domin irin wanda ake amfani da shi a gilashi yana cin ƙarfe. Idan za a kashe, a bar ɗan tudun dalma a bakin ya huce da shi. Kuma lokaci-lokaci, bayan ya huce, a kwance bakin a mayar, in ba haka ba ya kafe a ciki har a rasa yadda za a cire shi.

Wani mai sauraro daga Kofar Guga ya rubuto gajeriyar tambaya: da rana ƙarfensa na aiki, da magariba sai ya yi sanyi.

Ɗan'uwa, wuta ce ke raguwa. Ƙarfe mai wat 100 idan wuta ta sauko daga 230 zuwa 180, abin da zai ba ka bai fi wat 61 ba. Sitabilaiza tana maganin wannan. Ƙaramin janareta ma yana ɗaukarsa ba tare da wahala ba, haka inbata ta sola. Ka kuma kawar da fanka daga kan bakin, musamman da hunturu.

Shi kuma wani dattijo mai liƙin radiyeto yana tambaya ko ƙarfensa na gargajiya, wanda ake turawa cikin garwashi, zai yi. Baba, da irinsa aka haɗa tagogin manyan majami'un Turai ɗaruruwan shekaru kafin lantarki, don haka a mahaɗar sandar dalma zai yi, in hannu ya san zafinsa, kuma na san naka ya sani. A dogon layin tef ne zai ba ka wahala, yana hucewa kana tsakiyar layi. Wanda ba na ba da shawararsa sam shi ne mai siffar bindiga da ake danna kunama: ya yi nauyi, kuma ba a yi shi don ya daɗe a kunne ba. 

Game da inda za a saya, wanda kusan kowa ya tambaya: masu kayan lantarki a babbar kasuwa ta nan Katsina, ko Sabon Gari a Kano, ana iya dacewa da manyan ƙarafa marasa majuyi. Ba laifi a fara da su, sai dai zafinsu hawa yake ta yi, don haka a haɗa da na'urar rage wuta da aka yi don ƙarfen liƙi. Ita wannan na'ura ba a sa ta a kan Weller ko Hakko, su suna daidaita kansu. A ce mai shago ya jona a gabanka, ka narkar da dalma da shi, ka girgiza ka ji ko bakin na rawa, ka taɓa mariƙin bayan minti 10 ka ji ko ya ɗau zafi. Mai saye ta intanet kuma ya sani ana buga jabun masu suna, farashin da ya yi arha fiye da kima abin tuhuma ne.

Wasiƙar ƙarshe daga wata matar aure ce da ke son yin aikin a tsakar gida, tana da goyo. 'Yar'uwa, hayaƙin da kike gani yana tashi na sinadarin liƙi ne, yana ƙona ido da maƙogwaro, don haka a yi aiki inda iska ke wucewa. Dalmar kuwa ta hannu take shiga baki. Mu a wannan yanki ba sai an ba mu labari ba: a 2010 gubar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Kada ki ci goro ko ki ba da nono sai kin wanke hannu da sabulu, ki ware rigar aiki, ki share ɓurɓushin da jiƙaƙƙen tsumma, kuma kada yaro ya yi rarrafe a wurin. Idan kina da ciki ki dakata tukuna. Akwai dalmar liƙi marar gubar, wadda galibinta kuza ce, ita ta dace da duk abin da za a rataya a wuya ko a riƙa taɓawa. Sai ta haura digiri 215 take narkewa, tana kuma saurin cin bakin ƙarfen liƙi, don haka idan ita za ki yi aiki da ita, ki sayi ƙarfe mai majuyi da bakin canji tun farko.

Lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun da suka shafi yankan gilashi sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.