Carpetbagger: Yadda Jakar Kafet Ta Zama Zagi a Siyasar Amurka

Jama'a, ku ƙiyasta wata jaka a ranku. Da guntun kafet aka ɗinka ta, aka sa mata hannu na fata. Jakar matafiyi ce mai araha, irin wadda ta cika tashoshin jirgin ƙasa na Amurka shekaru ɗari da hamsin da suka wuce. Daga jikinta aka ciro kalmar carpetbagger, wato mai jakar kafet, zagin da har gobe ake yi wa ɗan siyasar da ya je neman kujera inda ba a binne cibiyarsa ba.

A 1865 aka gama yaƙin basasar Amurka. Kudu ta sha kashi, bayi kusan miliyan huɗu suka sami 'yanci. Sai mutanen Arewa suka yi ta kwarara Kudu: tsofaffin sojoji, malaman makaranta, lauyoyi, 'yan kasuwa. Wajen 1868 jaridun fararen fatar Kudu suka yayata musu wannan suna. Manufarsu ita ce, wannan mutum ba gona, ba kabarin kaka a nan, abin da ya mallaka duk yana cikin jaka ɗaya, ya zo ne ya cika ta ya gudu.

Akwai macuta a cikin baƙin nan, ba musu. Amma abin da ya fi ƙona ran masu zagin shi ne baƙin sun haɗa kai da baƙaƙen fata da suka fara kaɗa ƙuri'a. Ga Albion Tourgée, mutumin Ohio. Ya sauka North Carolina a 1865, ya zama alƙali, ya tsaya wa 'yantattun bayi, 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ta'addanci kan baƙaƙe, na yi masa barazanar kisa. Shi ma mai jakar kafet aka ce masa. Abin da ke ci min rai kenan: an yi kuɗin goro, an haɗa mai gaskiya da ɓarawo a suna ɗaya.

Sunan bai mutu ba. An jefi Robert Kennedy da shi a 1964, aka jefi Hillary Clinton a 2000, dukkansu a takarar sanata ta New York, kuma duk suka ci. Mehmet Oz kuwa, da ya daɗe zaune a New Jersey ya fito takarar sanata a Pennsylvania a 2022, abokin hamayyarsa John Fetterman ya riƙa yi masa gorin baƙunta har ranar zaɓe, ya kuma kayar da shi.