Jirgin Bai Faɗi Ba, Haka Yake Sauka

Assalamu alaikum jama'a, musamman mutanen Jos. Ku yi haƙuri da wannan hula da ta rufe min kunnuwa, cikin mota nake, kuma har yanzu ba ta yi ɗumi ba. Gaskiya da ɓacin rai na kunna kyamarar nan. Ƙarfe uku na dare Umma ta kira ni tana salati, su a can hantsi ne, wai an turo bidiyo a zauren WhatsApp na dangi, jirgin wurin aikinmu a nan Amurka ya ƙwace wa matuƙi, yana saukowa a karkace, har wani ƙyalle ya ɓalle masa ta baya. A ƙasan bidiyon an rubuta "Allah ya ji ƙan na ciki". Kawu, na ga kai ka fara turawa. Allah ya ƙara girma, amma ka hana tsohuwa karin kumallo a banza. Babu wanda ya ko ƙurje.

Jirgin nan B-52 ne, mai jefa bama-bamai, kuma haka aka ƙera shi. Fuka-fukansa daga wannan baki zuwa wancan sun kai mita 56, saboda haka idan iska na bugowa ta gefe ba ya iya kwantar da fiffike ɗaya yadda ƙananan jirage ke yi, sai ya daki ƙasa. Dabarar da aka yi masa ita ce tayoyinsa suna juyawa har digiri 20 hagu ko dama. Hancin jirgi na kallon inda iska ke fitowa, tayoyi na kallon titi. Ranar da na fara gani da idona ni ma sai da na dafe ƙirji. Can ƙarshen kowane fiffike kuma akwai 'yar ƙaramar taya da ke tare shi kada ya goge ƙasa.

Wancan ƙyalle da kuka ce ya ɓalle, ai shi ne abincina. Laima ce ta rage gudu, ni da abokan aikina muke naɗe ta a nan sansanin sojin sama na Minot, jihar Dakota ta Arewa. Faɗinta ƙafa 44, nauyinta ya kusa buhun siminti biyu. Jirgi na taɓa ƙasa matuƙi zai sake ta, ta cika da iska ta riƙe shi, don kada birki ya ɗauki zafin da zai kama da wuta. Daga baya ya yar da ita a gefe, a ɗauko mana. In ta jiƙe sai an rataye ta ta bushe sarai, don laimar da aka naɗe da danshi a wannan sanyi ƙanƙara za ta zama, ba za ta buɗe ba. Sannan mu bi igiyoyi ɗaya bayan ɗaya, mu duba ɗinki, mu naɗe, mu danne ta cikin jaka, ka sa hannu a takarda da sunanka. Wannan sa hannun shi ke hana ni barci wani lokaci. Yaron da ya tashi a Unguwar Rogo yana wasa da tayar keke, yau jirgi mai injin takwas na jiran naɗinsa kafin ya tsaya. Alhamdulillahi, ba alfahari ba.

Kuma jiragen sun tsufa fa. Na ƙarshe an gama ƙera shi a 1962, Najeriya na da shekara biyu da samun 'yanci. A Janairun 2017 ɗaya daga cikin namu na nan Minot yana atisaye injinsa ɗaya ya ciro ya faɗa daji, ya dawo ya sauka lafiya da bakwai.

In hatsarin gaske kuke so ku ji, akwai shi, kuma wurin sauka ya fi ba ni tsoro, lokacin da kowa ya gaji yana ganin an iso. A watan Mayun 2006 wani B-1, shi ma mai jefa bama-bamai, ya sauka a tsibirin Diego Garcia na Tekun Indiya da cikinsa, ya yi ta gurzar titi. Ba inji ba ne ya lalace, matuƙan ne suka manta ba su sauke tayoyi ba bayan doguwar tafiya. Mutane masu horo, kun ji? Ranar 4 ga Janairun 2024 kuma, maƙwabtanmu na sansanin Ellsworth a Dakota ta Kudu, wani B-1 yana saukowa cikin hazo mai kauri, gudunsa ya ragu fiye da ƙima, ya daki ƙasa kafin ya kai titi. Mutum huɗu ne a ciki, kujerunsu suka cilla su waje, duk suka tsira, jirgin ya ƙone. Asarar ta haura dala miliyan 450. Abin da ya burge ni shi ne rahoton bincike ya fito fili, kowa ya karanta, bai kuma tsaya kan matuƙa kaɗai ba, har shugabanninsu ya taɓo a kan sakaci da horo. A gida da sai dai a ce ƙaddara, a kafa kwamiti, shi ke nan.

Shi ya sa za ka ga manyan sojoji sun jeru suna tafiya a hankali a filin jirage, kai a sunkuye, suna tsintar tsakuwa da ƙusa. Ƙusa ɗaya ta shiga injin, an yi asarar da ba ta faɗuwa. Kayan aiki ma a ƙirge suke, sifana ɗaya ta ɓace babu mai tafiya gida.

Mu 'yan Jos da muke yi wa Kanawa kurin sanyi, mu daina. A nan ma'auni na sauka digiri 30 ƙasa da sifili. Mota ma sai ka jona ta da lantarki da dare, in ba haka ba da safe ba za ta tashi ba. Rigar nan dala 280 na saye ta, kada ku lissafa da naira, za ku zage ni. Naman halal kuwa sai na yi tuƙin awa huɗu zuwa Fargo wurin Somaliyawa in cika akwatin ƙanƙara. Jiya har mafarkin masa da miyar taushe na yi, da dankalin turawa na Farin Gada, wanda a nan duk girman nasu babu ɗanɗano. Amma wani abin mamaki, yamma da mu akwai ƙauye ana ce masa Ross, inda Larabawan Siriya da Labanan manoma suka gina masallaci tun 1929. An rushe na asalin, an sake ɗan ƙarami a 2005, ga maƙabartarsu a gefe. Na je na yi raka'a biyu iska na neman ɗauke ni.

Ku samarin da ke cika min akwatin saƙo, ku saurara. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai shigar da ku sojan Amurka daga Jos, ɓarawo ne. Sai kana da takardar zama ta dindindin ko shaidar ɗan ƙasa, kuma cacar biza an daɗe da cire Najeriya daga ciki. Masu cewa in ɗauko musu hoton cikin jirgi kuma, ku rufa min asiri, waya a wurin nan za ta iya raba ni da aikina. Kawu, in ka sake ganin bidiyo, turo min ni kaɗai tukuna. Bari in shiga, akwai laima uku da suka kwana a rataye.