Fijo a Hunturun Ingila: Yadda Ake Kwantar da Injin Tsohuwar Mota

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan da kuke gani a gareji Peugeot 504 ce ƙirar 1978, wadda a gida muke kira Fijo. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san ta: ita ce tasi, ita ce motar gwamnati, ita ce mai jigilar fasinja tsakanin Kano da Kaduna. A 1968 ta fara fitowa a Faransa, Turawa suka bar yin salun ɗinta a 1983, amma kamfanin Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya ci gaba da harhaɗa ta har bayan shekara ta 2000. To a nan Ingila ba motar haya ba ce, kayan tarihi ce. Masu irinta lallaɓa ta suke yi kamar ƙwai. Da zarar Nuwamba ya kama sai a shigar da ita ɗaki, ba za ta ƙara taka kwalta ba sai Maris ko Afrilu.

Gishiri ne ke korar su daga titi. Idan dare ya yi sanyi, manyan motoci na fita suna watsa gishirin dutse a kan hanya don kada ƙanƙara ta kama, yawancinsa daga mahaƙar Winsford da ke Cheshire ake haƙo shi. Gishirin nan da ruwa in suka manne a ƙarƙashin tsohuwar mota, cin ta suke yi kamar gara. Sai dai ɓoye ta a gareji ya ceci jikinta ne kawai. Inji kuwa, zaman wata huɗu ko biyar ba motsi yana da tasa illar, kuma yau a kansa za mu tsaya.

Mutane na ɗauka sanyi ne ke kashe inji. Ƙarfe bai damu da sanyi ba. Ruwa ne matsalar, kuma ta ƙofa huɗu yake shiga: cikin baƙin mai, cikin fetur, cikin silinda, sai kuma wanda ke lagireto in ya daskare. Duk abin da za ku ga na yi a bidiyon nan, ƙoƙarin toshe waɗannan ƙofofi ne.

Bari in fara da al'adar da muka taho da ita daga gida, don ta fi komai ɓarna. Mun saba da dumama mota. Motar da aka ajiye, duk bayan kwana biyu a tayar da ita, a bar ta tana sulo minti biyar ko goma, a ɗan taka totur, a kashe, a ce an motsa mata jini. A garejin Ingila cikin Janairu, wannan garin neman gira ne a rasa ido. Duk lita ɗaya ta fetur da inji ya ƙona tana fitar da ruwa kusan lita ɗaya, a matsayin tururi. Farin hayaƙin da kuke gani a salansa da safe, shi ne. Idan inji ya ɗauki zafi sosai, tururin na ficewa waje. Idan kuwa ƙarfen na da sanyi, sai ya koma ruwa tun bai fita ba: wani ya kwanta a salansa ya fara huda ta daga ciki, wani ya sulale ta gefen ringi ya gangara cikin baƙin mai. Ga kuma cok da ke tura fetur da yawa lokacin sanyi, fetur ɗin yana wanke man da ke jikin silinda.

Kada allurar zafi ta ruɗe ku. Zafin ruwan lagireto take nunawa, shi kuwa baƙin mai a baya yake biyowa, kuma ba ya iya korar ruwan da ke cikinsa sai ya kai wajen digiri 80 zuwa 100. Sulo a gareji ba zai kai shi can ba. Sai an hau hanya an yi tafiyar minti ashirin ko talatin. Ku buɗe murfin zuba mai na motar da ake yi wa irin wannan dumamar, za ku tarar da wani abu fari-fari mai kauri kamar kindirmo ya manne a ciki. Mai ne da ruwa suka cakuɗa. Don haka zaɓi biyu ne: ko ka fitar da ita ranar da titi ya bushe ba gishiri, ka yi tafiya ta gaske, ko ka bar ta ta yi barcinta. Ni na biyun nake yi. Ban da haka ma, tayar da mota a rufaffen gareji na iya kashe mutum, hayaƙin nan yana ɗauke da iskar guba marar wari.

Aikin duka rana ɗaya ne, kuma daga gidan mai yake farawa. Tun watan Satumba na 2021 fetur ɗin gama-gari a Birtaniya ya koma E10, wato har kashi 10 cikin ɗari nasa ethanol ne. Ethanol na jan danshi daga iska. In ya sha ya ƙoshi, sai shi da ruwan su rabu da fetur su kwanta a gindin tanki, daidai inda bututu ke zuƙa. Yana kuma cin tsofaffin tiyo na roba da fatar da ke cikin famfon mai, domin ba a yi su da saninsa ba. Saboda haka mai tsadan nan E5, wanda ethanol ɗinsa bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba, nake sha, in zuba maganin hana fetur lalacewa gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbar, in cika tanki ya rage ɗan wuri kaɗan. Tankin 504 na ƙarfe ne. In ka bar shi rabi, raɓa na taruwa a bangonsa na ciki, tsatsa ta fara, bazara na yi ta biyo mai ta toshe maka kafireto.

A kan kafireton kansa masu tsofaffin motoci sun rabu biyu. Wasu sun ce a tsiyaye shi tas, domin fetur in ya bushe yana barin wani danƙo mai toshe ƙananan hudojin. Wasu sun ce barin sa a bushe yana sa gasket ta ƙame ta tsage. Ra'ayina, ajiyar wata huɗu ko biyar ba ta kai a tsiyaye ba, maganin ya wadatar, muddin ka yi tafiya bayan zuba shi har ya iso kafireto. In ajiyar za ta kai shekara, to a tsiyaye komai.

Tafiyar nan daga gidan mai, ka tsawaita ta, ka dawo gida inji na da zafi, nan take ka yi juye. Na san tambayar: don me zan zuba sabon mai a motar da ba za ta je ko'ina ba, ba gara in bari sai bazara ba? Tsohon mai ba baƙi kawai ya yi ba. Yana ɗauke da toka, da fetur da bai ƙone ba, da ruwa, da sinadarai masu tsami da ƙonewar ta haifar. Wata biyar zai yi yana kwance a kan metal ɗin karanshaf, waɗannan 'yan faifan masu laushi, yana musu tabo. Ka sauke shi da zafinsa don ya fito da dattin, ka canza filta, ka zuba sabo. Ni 20W-50 na tsofaffin motoci nake sa wa, mai sinadarin zinc ɗin nan da ake kira ZDDP, saboda injin wancan zamani yana buƙatarsa a wurin da kamshaf ke gugar tafet. Sai ka tayar na ɗan lokaci, injin ai da sauran zafinsa, sabon man ya zagaya ko'ina. Wannan ne tashinta na ƙarshe a bana.

Lagireto kuma, a gida ruwan famfo muke ɗura masa mu kama gabanmu. Ka yi haka a nan, dare ɗaya ya ishe ka kuka. Ruwa in ya daskare yana kumbura da wajen kashi 9 cikin ɗari, kuma ƙarfen inji ba ya iya riƙe shi. In ka yi sa'a ya ɓalle ɗaya daga cikin marufan nan masu kama da kwabo da ke jikin bulok. In ba ka yi ba, bulok ɗin kansa ya tsage, kuma neman bulok ɗin 504 a Ingila ba kamar shiga Panteka ba ne. Rabi ruwa rabi maganin daskarewa yana kare inji har wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Wannan ɗan abin mai kama da sirinji da nake riƙe da shi, da shi ake gwada ƙarfin haɗin, kuma ba shi da tsada.

Amma ba daskarewa kaɗai maganin ke hanawa ba. Injin 504 bulok ɗinsa baƙin ƙarfe ne, tof silinda, wato murfin saman inji, kuma alminiyom. Ƙarfe iri biyu in suna jiƙe a ruwa ɗaya, ɗayan na cin ɗayan, alminiyom ne kuma ke shan wahala. Sinadaran da ke hana wannan suna ƙarewa tun ƙarfin hana daskarewar bai ƙare ba, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu ko da gwaji ya nuna lafiya lau. A nemi irin na da, wanda a nan yawanci shuɗi ne. Na zamani mai launin ja ko ruwan lemo bai dace da lagireton tagulla mai dalma ba, kuma kada a gauraya su. Launi dai ba hujja ba ne, a karanta jikin jarkar. Abu ɗaya kuma: maganin nan zaƙi gare shi kuma guba ne. Ko ɗigo ya zuba a ƙasa a goge, kyanwa na lasa ta mutu.

Yanzu silinda. Duk inda inji ya tsaya, sai ka samu wani bawul a buɗe, iskar waje na shiga ta salansa ko ta kafireto. Haɗarin ma ba ranar tsananin sanyi yake ba, sai ranar da gari ya ɗan sake bayan sanyi: iska mai ɗumi da danshi ta taɓa ƙarfe mai sanyi, ya yi gumi kamar kwalbar lemo da aka fitar daga firji. Haka cikin silinda ke yi, ringi ya manne da tsatsa. Idan inji ya huce, ka cire fulogi huɗun, ka zuba wa kowace silinda mai kamar ƙaramin cokali ɗaya. A 504 na fi son na fesawa, domin injin a kishingiɗe yake, an karkata shi digiri 45, man cokali gefe ɗaya zai gangara ya bar ɗayan a bushe. Sa sufana a kan fulin karanshaf, juya shi da hannu sau uku ko huɗu, mayar da fulogi.

Batir ba dogon zance. Cikakke yana nuna bolt 12.6, kuma sanyin Ingila ba ya daskarar da shi. Wanda ya sauka kuwa, ruwan cikinsa ya kusa komawa ruwa zalla, yana iya daskarewa ya fasa kwandon, kuma ko bai fasa ba, zama a sauke na kashe shi. Ko ka haɗa shi da cajar nan mai yanke kanta in ya cika, ko ka cire shi ka kai cikin gida kana yi masa caji wata-wata.

Sai ɓeraye. Su ma sanyi suke gudu, kuma gidan filtar iska ɗaki ne da falo a wurinsu. Suna tara ciyawa a ciki, su ci wayoyi. Ina cusa soson ƙarfe a bakin salansa da bakin shan iska, ya hana su shiga. Ga takarda nan kuma na manna a sitiyari, na rubuta duk abin da na toshe da abin da na cire, domin mutumin Afrilu ba ya tuna abin da na Nuwamba ya yi. Hambirki a sake shi a sa wa taya waigi, in ba haka ba birki ya manne. Kuloci a riƙa taka shi lokaci-lokaci ba tare da an tayar ba. A shimfiɗa leda a ƙasa saboda danshin siminti, amma a saman mota yadi mai shan iska za a rufa, leda a sama tara gumi take yi.

Ga mazauna nan: motar da ta wuce shekara 40 tana iya shiga ajin motocin tarihi, ba a biyan kuɗin harajin hanya, amma dole a riƙa sabunta shi. In kuma ka sanar da DVLA, hukumar rajistar motoci, cewa ka ɗauke ta daga hanya, abin da ake kira SORN, to ko zagayen unguwa ba ka da izinin yi sai ka mayar da ita.

Ranar tashi, takardar sitiyari za ka fara karantawa. Cire soson ƙarfe, leƙa gidan filta, duba mai da ruwa, matsa kowane tiyo ka ji ko ya ƙame, duba fambel, leƙa ƙasa ko wani abu ya ɗiga. Sannan ka cire fulogi, ka zare wayar koyil, ka buga kik na daƙiƙa goma, ka huta, ka sake, har fitilar mai ta mutu. Hakan na nufin mai ya hau ko'ina tun wuta ba ta fara dukan fistin ba. Mayar da fulogi da wayar koyil, buɗe ƙofar gareji gaba ɗaya, ja cok, ka tayar. Za ta yi shuɗin hayaƙi na 'yan mintuna, man da ka fesa ne ke ƙonewa, kada hankalinka ya tashi. Tana sulo ka sa hanci wajen kafireto da famfon mai, in ka ji warin ɗanyen fetur kashe ta ka nemo tiyon da ya tsage. In babu, gwada birki tun kana bakin gida, sannan ka kama hanya, kuma kada ka juyo sai ka yi rabin awa.