Tiyatar ƙara tsawon ƙafa: shekarun mutum suna da tasiri?

Assalamu alaikum, masu kallo. Yau za mu yi magana a kan wata tiyata da ake ta yayatawa a intanet, wadda magidanci lafiyayye, babu abin da ke damun ƙafarsa, zai kwanta a asibiti da yardarsa a karya masa ƙashin cinya biyu domin ya ƙara tsawo. Masu tambaya a kanta yawanci maza ne, kuma tambayar da ta fi yawa ita ce ta shekaru: na kai talatin da biyar, na kai arba'in, shin lokaci ya ƙure mini? Wani kuma yaro ne ɗan shekara goma sha shida da abokai suke tsokana, yana so a yi masa tun yanzu. Kafin mu amsa, sai mun fahimci abin da ke faruwa a cikin ƙashin, domin amsar tana can.

Ba don kwalliya aka ƙirƙiro wannan aiki ba. Wani likita ɗan Italiya, Alessandro Codivilla, ya gwada ƙara tsawon ƙashi tun a 1905, amma wanda ya gyara hanyar har ta zama abin dogaro shi ne Gavriil Ilizarov, likita a garin Kurgan da ke Siberiya, a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, a farkon shekarun 1950. Marasa lafiyarsa mutane ne da suka karye ƙashin ya ƙi haɗuwa, da waɗanda ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta. Sunansa ya fito fili bayan 1968, lokacin da ya yi wa Valery Brumel aiki, ɗan wasan tsalle da ya ci zinare a Olamfik ta Tokyo a 1964, wanda haɗarin babur ya ragargaza masa ƙafa. Har yau likitocin ƙashi, har da na ƙasashenmu, suna amfani da wannan dabara wajen ceto ƙafar da haɗarin mota ko ciwon ƙashi ya cinye.

Abin da Ilizarov ya gane, duk mai ɗori a garinku ya san rabinsa: idan ƙashi ya karye, jiki yana zubo wani abu mai taushi a wurin karayar, wanda daga baya yake taurara ya zama ƙashi. Ilizarov ya lura cewa idan aka riƙa raba bakunan karayar a hankali kafin abin nan ya taurara, jiki ba ya gajiya, zai yi ta cike giɓin da sabon ƙashi. Sirrin yana cikin ma'aunin jan. Milimita 1 a rana, a kasa shi kashi uku ko huɗu. Idan aka yi sauri, ƙashin ba zai iya bi ba, a bar mutum da giɓi. Idan aka yi jinkiri, ya haɗe tun ba a kai inda ake so ba, sai an sake karyawa.

A da, zobban ƙarfe ake ɗaurawa a wajen ƙafa, da wayoyi da suka huda fata da tsoka suka ratsa ƙashi, mutum yana juya noti da hannunsa kullum. Har yanzu ana amfani da wannan, kuma shi ya fi araha. Amma masu neman tsawo da kuɗinsu sun fi karkata ga wani dogon ƙarfe da ake zurawa cikin ramin ɓargo, irin su Precice da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2011. A cikinsa akwai maganaɗisu. Bayan kamar mako guda da tiyata, mutum zai ɗauko wata na'ura mai nauyi ya ɗora a kan cinyarsa daidai inda likita ya yi alama da biro, ya danna. Na'urar tana ƙugi na 'yan mintoci, maganaɗisun ciki yana juyawa, ƙarfen ya miƙe da abin da ido ba zai iya gani ba. Haka zai yi safe, rana da dare. Idan aka ɗauki hoton ƙashi bayan wata guda, za a ga giɓi tsakanin ƙasusuwan, a cikinsa akwai wani abu fari-fari kamar hazon hunturu. Wannan hazon shi ne sabon ƙashi, kuma shi likita yake ƙura wa ido a kowane zuwa.

A cinya yawanci ba a wuce santimita 8, a ƙwauri kuma 5 zuwa 6. Ku lissafa: santimita 8 kwana 80 ke nan na ja kawai. Bayan nan sai watanni na jiran ƙashin ya yi ƙwari, mutum yana kan keken marasa lafiya ko sanduna. Bayan shekara ɗaya zuwa biyu a sake tiyata a cire ƙarfen.

To, mu dawo kan shekaru. Ta ƙasa, iyakar a bayyane take. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai wani guringuntsi da tsawo ke fitowa daga gare shi. A wajen maza yakan rufe ne tsakanin shekara 16 zuwa 18, wasu su ɗan wuce haka. Muddin bai rufe ba, yaron yana kan girma, kuma zura ƙarfe ta wurin yana iya lalata abin da Allah ya riga ya tanadar masa. Ana yi wa yara wannan aiki idan akwai lalura ta gaske, da dabarun da ke kauce wa guringuntsin, amma don kwalliya, likita mai mutunci ba zai taɓa yaro ba sai hoton ƙashi ya nuna girma ya tsaya. A nan ina so in ja hankalin iyaye da samari: da zarar guringuntsin nan ya rufe, babu ƙwaya, babu garin magani, babu man shafawa da zai ƙara wa ƙashi tsawo. Duk wanda ya tallata maka haka a Facebook ko TikTok, kuɗinka yake so.

Ta sama kuwa, babu wata shekara guda da aka ce daga nan ƙofa ta rufe. An yi wa 'yan arba'in, an yi wa waɗanda suka haura hamsin. Sai dai jikin ɗan shekara 45 ba ya amsa ja kamar na ɗan 22, kuma bambancin yana fitowa a wurare da dama. Sabon ƙashin yana jinkirin fitowa, yana jinkirin taurara, don haka likita kan rage saurin jan, watannin zaman jinya su ƙaru. Haɗarin ƙashi ya ƙi haɗuwa gaba ɗaya ya fi yawa, musamman a ƙwauri, inda jini bai wadata kamar a cinya ba.

Amma a ganina, abin da mutane suka fi mantawa da shi ba ƙashin ba ne, naman da ke kewaye da shi ne. Ƙashi an yanke shi, yana da wurin miƙewa. Tsoka da jijiyoyi da hanyoyin jini ba a yanke su ba, jan su ake yi da ƙarfi su bi. Yawan shekaru yana sa su yi tauri. Idan tsokar bayan cinya ta ƙi bi, gwiwa ta ƙi miƙewa. Idan ta sharaɓa ce, diddige ya ƙi taɓa ƙasa, mutum ya riƙa tafiya a kan yatsu. Shi ya sa gashin ƙashi a wannan aiki kusan kullum ne, kuma da zafi: mai gashi ya danne ƙafar yana miƙe ta, mutum yana damƙe da gefen gado yana gumi. Wanda ya tsallake wannan don ya gaji, zai iya samun tsawon ya rasa tafiya mai kyau. Akwai kuma wata jijiya da ke zagaye ta gefen gwiwa, wadda idan jan ya yi mata yawa, tafin ƙafa ya saki, mutum ya kasa ɗaga shi.

Don haka likitocin ƙwarai ba katin haihuwa kaɗai suke dubawa ba. Suna auna ƙwarin ƙashi, suna duba sinadarin bitamin D, suna tambaya ko akwai ciwon suga, ko matsalar gudan jini. Suna tambayar taba, domin sigari tana matse ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da sabon ƙashi, har da yawansu ba sa yarda su yi aikin sai mutum ya daina. Ɗan shekara 40 mai motsa jiki da bai taɓa shan taba ba yana iya warkewa fiye da ɗan 25 mai zuƙar kwali a rana. Ga masu sikila kuma, waɗanda ƙashinsu dama yana fama da ƙarancin jini, wannan ba abin da za a kusanta ba ne don kwalliya.

Wasu haɗurran ba ruwansu da shekarun kowa. Lokacin da ake huda ramin ɓargo, kitse yana iya shiga jini ya tafi huhu. Gudan jini yana iya taruwa a ƙafar da ba ta motsi, shi ma ya tafi huhu. Dukansu biyun suna kisa, kuma sun kashe. Ƙwayoyin cuta suna iya bin wayoyin waje su shiga ƙashi. Na'urar ma ba ta da tabbas: a 2021 an janye wani samfurin ƙarfen mai suna Stryde daga kasuwa bayan an ga yana tsatsa a jikin mutane yana taɓa ƙashi. Ƙasar Sin ta hana yin wannan tiyata don kwalliya tun 2006, bayan asibitocin da ba su ƙware ba sun nakasa mutane.

Sai kuɗi. A Amurka aikin yana cin dubban daloli masu yawa, sau da dama daga dala 70,000 zuwa sama da 100,000. Wannan ya sa mutane ke tafiya Turkiyya da Indiya inda ya fi sauƙi. A can akwai ƙwararru, akwai kuma masu neman kuɗi kawai, kuma wanda ya dawo gida da ƙarfe a cinya, idan matsala ta taso bayan wata huɗu, likitan da ya sa shi yana wata nahiya.

A nan shekaru suke sake shigowa ta wata ƙofa. Saurayi ɗan 23 yana iya ajiye karatu na shekara guda, iyaye su yi jinyarsa. Magidanci ɗan 42 yana da mata da 'ya'ya, da kuɗin makaranta, da shago ko ofis da ba za su jira shi wata shida ba. Wa zai ɗaga shi zuwa banɗaki a makonnin farko? Yaya zai yi sallah, alhali gwiwa ba ta lanƙwasuwa? Waɗannan tambayoyi ne da ya kamata a amsa kafin a sayi tikitin jirgi.

Ban raina damuwar mai neman wannan aiki ba. Namijin da aka yi ta kira da sunan tsokana tun yana firamare, ko aka ƙi shi a neman aure saboda gajarta, ciwon da ke ransa na gaske ne. Saboda haka ne ma asibitocin da suka san aikinsu suke haɗa mutum da likitan ƙwaƙwalwa kafin tiyata. Akwai wata lalura da ke sa mutum ya riƙa ganin aibi a jikinsa fiye da yadda yake, kuma mai ita ko an ƙara masa santimita 8, yakan tashi da wata sabuwar damuwar. Idan kana cikin masu wannan tunani, ko shekarunka 20 ko 50, ka fara da ganin likitan ƙashi a kusa da kai, a ɗauki hoto, a auna jini, ka kuma nemi yin magana da wanda aka yi wa aikin shekara biyu da suka wuce, ka ga yadda yake hawa bene da yadda yake durƙusawa.