Gundumar Maricopa da hujjar "jama'a ne suka zaɓe shi"

Jama'a masu sauraro, a watan Nuwamban 2024 masu zaɓe a gundumar Maricopa ta jihar Arizona a Amurka suka zaɓi Jerry Sheridan ya zama sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, wanda makullan gidajen yari ke hannunsa. Wannan Sheridan ɗin shi ne babban mataimakin tsohon sherif Joe Arpaio a da, kuma a 2016 alƙalin kotun tarayya Murray Snow ya same shi da raina umarnin kotu tare da maigidansa. Masu kare shi hujjarsu ɗaya ce tak: jama'a ne suka zaɓe shi. Ni kam na gaji da wannan hujja.

Tun ran gini ran zane. A zaɓen farko na wannan kujera a 1871, biyu daga cikin 'yan takara suka buɗe wa juna wuta, John Chenowth ya kashe Jim Favorite, ya kuma janye, Tom Barnum ya haye ba abokin karawa. Shi ma ai zaɓaɓɓe ne.

Amma mu tsaya a kan Arpaio, mutumin da ya yi shekara 24 a kujerar, daga 1993 zuwa ƙarshen 2016, aka zaɓe shi har sau shida. Da hawansa ya kafa tantunan soja a fili, ya zuba fursunoni ciki, a birnin Phoenix inda zafin bazara kan haura digiri 45. Ya sa musu kamfai ruwan hoda don ya wulaƙanta su, ya ɗaure su da sarƙa ƙafa da ƙafa suna aiki a bakin titi, abinci sau biyu a rana. Sai ya kira 'yan jarida su ɗauki hoto, ya kuma laƙaba wa kansa kirarin sherif mafi tsauri a Amurka. Duk wannan me ake nema da shi? Ƙuri'a. Hoton fursuna cikin sarƙa yana shiga labaran dare, shi kuwa fayil ɗin yarinyar da aka yi wa fyaɗe ba mai ɗaukarsa hoto. Shi ya sa aka gano ƙararraki fiye da 400 na cin zarafi ta hanyar lalata da ofishin bai bincika yadda ya kamata ba, da dama a garin El Mirage, wasunsu na ƙananan yara. Kuma aka sake zaɓensa.

A 2013 alƙali Snow ya yanke hukunci cewa jami'an ofishin suna tare direbobi 'yan asalin Latin Amurka saboda kamanninsu kawai, da sunan farautar baƙin haure. Tun kafin nan kotu ta ce a daina, Arpaio ya yi kunnen uwar shegu. A Yulin 2017 aka same shi da laifin raina kotu, wata guda bayan haka Shugaba Trump ya yi masa afuwa.

Za a ce mini, to ai ƙuri'ar ce ta kawar da shi a 2016, Paul Penzone ya kayar da shi, ya kuma rufe tantunan a 2017. Haka ne. Bayan shekara nawa? Wanda aka tsare a titi ba gaira ba dalili, shi ma sai ya jira shekara huɗu kafin a ji kukansa? Wanda ba ɗan ƙasa ba, ba shi da ƙuri'ar ma balle ya jefa. Alƙali da lauyoyin masu ƙara ne suka taka wa ofishin nan birki, akwatin zaɓe ya iso a makare.

Ba na cewa naɗaɗɗen shugaban 'yan sanda waliyyi ne. Amma shi magajin gari kan iya sallamarsa gobe da safe. Sherif kuwa kundin tsarin mulkin jihar ne ya kafa kujerarsa, majalisar gunduma sai dai ta riƙe jakar kuɗi, ta biya diyyar ɓarnarsa. Kuma ta biya: shari'ar nan da gyaran da kotu ta tilasta sun lashe fiye da dala miliyan 200 daga aljihun masu biyan haraji. Penzone ya ajiye aiki a Janairun 2024 ofishin yana ƙarƙashin sa idon kotu, Sheridan kuma ya karɓe shi a haka a Janairun 2025, a gaban alƙalin da ya taɓa samunsa da raina umarninsa.