Me ya sa zaren kitso ke tsinkewa idan giwan ruwa ya kama?

Jama'a, salamu alaikum. Bidiyoyin Amurkawa masu kama kifin bas sun cika Facebook da TikTok, kuma ga tambayar da ake ta turo mana: “Na sayi zaren kitso irin nasu, an rubuta yana ɗaukar kilo 20, amma kifi na fizga sai ya tsinke. Jabu aka sayar mini?”

Ba lallai ba ne, ɗan'uwa. Ku dubi hannun mai kamun kifin da ke cikin bidiyon nan, za mu rage gudun hoton.

Sanda da na'urar naɗi, kun gan su. Koton roba ma ba wuya: da sassafe da almuru a jefa mai yawo a saman ruwa, rana ta take a koma mai nutsewa, don kifi ya gangara ƙasa. To, tsaya nan! Kun ga zaren kore ne tun daga sanda, amma kafin ya kai koto ya zama garau, da ƙyar ake ganinsa? Zare biyu ne aka ƙulla. Na biyun shi ne zaren gaba, kuma shi ne mutanenmu ke tsallakewa.

Zaren kitso, wato silin zare da yawa da aka kitsa wuri ɗaya, siriri ne, ga ƙarfi, ba ya miƙewa, ko taɓa koto kifi ya yi za ka ji a hannunka. Amma ƙarfinsa a ja yake. Idan ya ɗaure tamau ya gogi dutse, silin nan sai su riƙa katsewa ɗaya bayan ɗaya. Ga shi muna goga shi a kan dutse, ku gani da idonku. Yanzu ga fulorokabon mai kauri, zaren roba garau da ake yin zaren gaba da shi, a kan dutsen nan dai: ya kurje, amma yana nan. Shi yana nutsewa, kuma kifi ba ya saurin ganinsa. Wanda bai samu ba, nailan mai kauri ma ya wadatar, ni har na fi son sa ga mai koyo, saboda yana ɗan miƙewa ya shanye fizgar kifi, ga araha.

Wani zai ce ai ya ga Ba'amurke ya ɗaura koto kai tsaye a zaren kitso. Gaskiya ne, suna yin haka a cikin ciyawar ruwa, inda zaren ke yanka ciyawa ya wuce. Sai dai a tuna wane kifi suke nema. Ɗaya daga cikin mafiya girma na irin wannan bas da aka rubuta a tarihi, wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya ta Amurka a 1932, kilo 10 ne da 'yan kai. Mu kuwa a Kainji ko Kogin Binuwai, giwan ruwa muke fata, kifin da ke iya haura kilo 100. Yana son laɓewa a gindin duwatsu da kututture, kuma ku kalli murfin kunnensa, gefen nan kaifi gare shi kamar reza. Da ya ji ƙugiya sai ya yi tsalle yana girgiza kai, zare ya bi ta nan. Shi ke nan, an rabu.

Don haka a yanko zaren gaba kamar mita ɗaya, mai kauri sosai. Ƙullin da ke haɗa su ku bi shi a hoto: naɗi, naɗi, a zura, a jiƙa da yawu kafin a ja. Kada a manta jiƙawar nan, don Allah, zafin gogayya na raunana zare tun bai shiga ruwa ba. A kuma sassauta birkin na'ura, ya riƙa sakin zare idan kifi ya ja da ƙarfi.

Duk kifin da ka fitar, bi zaren gaba da yatsa. Ka ji kaushi, yanke ka sake ɗauri. Inda kuma tsage ya yi yawa, haƙoransa ba sa barin nailan, sai a ƙara guntuwar waya a bakin koto.