Sharhi: Hoton Cikin Mai Juna Biyu, Wa Ke Riƙe Da Izini?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

A shekarar 1958 wani likitan mata a birnin Gilasgo, Ian Donald, ya wallafa yadda za a leƙa cikin mutum da sautin da kunne ba ya iya ji. Asalin abin da muke kira sikanin ke nan. Yau na'urar tana asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya, tana kuma ƙananan asibitocin kuɗi daga Sabon Gari har Samaru. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa mai ciki hoto sau ɗaya kafin mako 24, don a san kwanakin cikin, a kuma gane ko tagwaye ne.

To amma kafin mace ta kai ga na'urar, ƙofa nawa za ta wuce? Sai maigida ya yarda, sai kuɗin mota ya samu, musamman in daga ƙauyukan Giwa ko Soba za ta taso. Wani lokaci uwar miji ta ce su da suka haifi goma wane hoto aka yi musu? Idan ta iso ta tarar namiji ne ke riƙe da na'urar, wata sai ta ja mayafinta ta koma gida. Ba na ganin laifinta. Kunya tarbiyya ce, kuma masu tsara aikin asibiti ne ya kamata su lissafa da ita, su horar da mata, su ɗauke su aiki, ko ma'aikaciya ta tsaya a ɗakin har a gama.

Akwai kuma tsoron da ke yawo a gidajen suna, wai hoton yana taɓa jariri. An haɗa abu biyu ne. Hoton ƙashi da na ƙirji su ne ke amfani da haske mai ratsa jiki, shi ya sa ake tambayar mace ko tana da ciki kafin a yi. Sikanin kuwa sauti ne.

Abin da ya fi damuna shi ne tambayar da wasu magidanta ke fara yi: namiji ne ko mace? Alhali likita yana duban inda mabiyiya ta kwanta, domin idan ta tare bakin mahaifa, haihuwar gida tana iya zuwa da zubar jinin da ba a tsayar da shi sai a asibiti. Maigida, wannan ce tambayar da za ka yi idan ka raka ta awo.